Tukunyar Kaka a Bakin Shuɗin Nilu

Duk wanda ya yi zaman Hartum ya san agashe. Da la'asar sakaliya, a bakin titunan Umdurman da Bahri, za ka tarar da tsinkayen nama kewaye da garwashi, an yanka shi fale-fale, an turmushe shi da garin ƙuli da yaji, ana ba ka da albasa da lemon tsami. Basudane yana ci yana gaya maka cewa abincin Hausawa ne. Tsiren da muka sani ne ya samu karɓuwa a ƙasar mutane, har ana yin na kaza da na kifi. Abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai shi ne: in wannan Hausawan Sudan suka fitar kasuwa, me suke ci a cikin gida? Tuwo yana nan? Da me ake kaɗa miya a ƙasar da ban taɓa ganin itacen ɗorawa ba? Wani abokina da muka yi karatu tare a Jami'ar Afirka da ke Hartum, jikan mahajjata ne, ya ce amsar tana wurin kakarsa, a wani ƙauye kusa da Abu Na'ama. A hunturun ƙarshen 2022 na bi shi gida.

Hanyar kanta darasi ce. Daga Hartum mota ta nausa kudu ta cikin Jazira, ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, shimfiɗaɗɗiya ba tudu ba kwari, magudanan ruwa sun ratsa ta ko'ina. Wannan gandu na noman rani an buɗe shi a 1925, ya kai kimanin fadan (ma'aunin gona na Sudan) miliyan 2 bayan an faɗaɗa shi, kuma mutanenmu sun zuba gumi a cikinsa wajen noma da tsinkar auduga. Bayan Wad Madani muka tsaya a Sinnar, tsohuwar hedikwatar daular Funj da ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, muka kalli madatsar da ke shayar da gandun, gini na dutse mai tsawon kimanin kilomita 3. Gaba kaɗan sai Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa da jama'ar da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. A Sinja kuwa, babban birnin jihar Sinnar, lambunan ayaba da mangwaro da gwaiba sun rufe bakin kogi, 'yan talla suna miƙo nonon ayaba ta tagar mota.

Abu Na'ama tana kudu da Sinja, a kan hanyar Damazin, a gaɓar yamma ta kogin. Ƙasarta baƙar laka ce: da damina ta riƙe ƙafa da taya, da rani ta tsattsage har hannu ya shige. Dawa da riɗi su ne sarakunan gona a nan. Akwai tashar binciken aikin gona, akwai Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Sinnar, akwai kuma masana'antar da aka gina a shekarun 1970 don saƙa buhuna da zaren rama. Abokina ya ce lokacin da ake shuka ramar domin igiyarta, matan ƙauyensu ganyen suke nema, don ba su manta kwaɗo ba.

Keken jaki ya ƙarasa da mu ƙauyen. An yi mana maraba, an shimfiɗa gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, an kawo ruwan randa. Hausar da ake yi tana da zaƙi, tsofaffin kalmomin da muka fara mantawa suna nan, Larabci kuma ya shige ta ta kowace kafa, musamman a ƙidaya da ciniki. Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya rubuta littafi guda a kan wannan cuɗanya a 1999.

Da rana, cimarsu ta Sudan ce zalla. Da asuba shayi da madara. Da hantsi ya ɗaga sai kalacin ful, wato waken Masar da aka dafa ya yi luguf, aka murƙushe shi da man riɗi da albasa, kowa ya sa hannu a kwano ɗaya da burodi. Sai kisra, wadda ake yi da ƙullin dawa mai tsami, a shafa shi a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, a ɗaga shi cikin ƙiftawar ido, ya fi sinasir siranta nesa ba kusa ba. Ana cin ta da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Bayan azahar aka soya gahawa a gabanmu, aka daka ta da citta, aka dafa a 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya da ake ce wa jabana. Na sha, na yaba, amma tambayata tana nan.

Da yamma muka gangara kogi, wanda kowa a nan ke kira bahar. Ruwan da ya taso daga tafkin Tana na Habasha yana cika da damina, ya zo da jan laka, sa'an nan ya janye ya bar gaɓa da danshi. A wannan gaɓa, da suke kira jarf, ake shuka tumatir da kuɓewa da albasa da masara da kabewa ba tare da taki ba. Can gefe kurmin bagaruwa ne, wanda ruwa ke kwanciya a gindinsa watanni. Masunta suna dawowa da kwale-kwale, ana fitar da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, wani lokaci har giwan ruwa. Birgi ne da kalli da mamari, kamar dai a Yawuri ko Argungu. Wani dattijon masunci yana gyaran koma ya ce mini: "Malam, ubana da kakana a ruwan nan suka tsufa. Amma bahar ɗin yanzu ba ya faɗa maka ranar cikarsa. Tun da aka fara tare ruwa a can sama, laka ta ragu, mai jarf yana shuka da zullumi." Yana nufin madatsar Rusairis, wadda aka gina a 1966 aka ƙara mata tsawo a 2013, da kuma babbar madatsar Habasha da aka fara cikawa a 2020.

Sai bayan magariba na ga abin da ya kawo ni. A tsakar gida an ɗora wata tukunya da mata biyu ke tuƙawa da muciya, suna karɓa-karɓa. Tuwon dawa ne, ga miyar kuka tana zaɓalɓala a gefe, ƙamshin daddawa da bandar kifi ya cika gidan. Na lura malmalar ta fi ƙarfin mutanen gidan, akusa sai fita suke yi zuwa wasu bukkoki sababbi da ke bayan danga. Abokina ya rage murya ya ce dangi ne daga wajen Rusairis. Rikicin ƙasa da ya tashi tsakanin al'ummomin jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli na 2022, ya sake tashi a Oktoba, ya ci ɗaruruwan rayuka, ya kuma raba dubun dubatar mutane da gidajensu. Waɗannan sun iso da kayan jikinsu kaɗai.

Kakar tana zaune a kan tabarma kusa da murhu, ta haura tamanin, idonta ya raunana amma hancinta ke hukunta miyar. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne ɗan Najeriyar da maigidana ya kawo?" in ji ta, tana nufin jikan nata. "Matso, ɗan nan. An ce daddawa ta taso ka."

Na ce, "Ita ce, Kaka. Ina kuke samun kalwa?"

Ta sa aka miƙo mata wani ƙunshi, ta ɗora mini a hannu. "Kalwa sai in wani ya zo daga yamma ya yi mana tsaraba. Wannan ta batso ce, 'ya'yan yakuwa. Ka dafa su kwana guda, ka daka, ka rufe su yi kwanaki har su nuna. Uwata ta koya mini, ita ma a hanya ta koya da kalwar da suka ɗauko ta ƙare. Kuka kam tana nan, mutanen ƙasar 'ya'yan suke jiƙawa su sha, mu muka riƙe ganyen."

Daga nan ta kama labarin hanya. Iyayenta mutanen ƙasar Haɗeja ne, sun tashi da niyyar Makka tana goye. Ta jera mini zangon kamar yadda ta ji a bakin uwarta: Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, Kosti. Inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi damina, maza su yi ƙodago, mata su yi fura da ƙosai, a tara abin da zai kai zango na gaba. "Ƙannena biyu a hanya aka haife su, ɗaya a hanya muka bar shi. Da muka iso Jazira, Baba ya ce saura kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Auduga ya tsinta shekara da shekaru. Saura kaɗan kuɗin su cika, zazzaɓi ya kwantar da shi. A nan ya cika."

Aka aurar da ita ga masunci, suka gangaro nan. Ta ce ita ta gaji niyyar uban. Tun tana amarya take dama godo-godo, wato gero da nono mai kama da furarmu, tana kai wa kasuwa da tashar mota, tana banda kifi, tana ɗaure abin da ya saura a bakin zane. "Na tara, maigida ya kwanta ciwo, suka tafi a magani. Na sake tarawa, ruwan tamanin da takwas ya zo ya share gona da rumbu. Na sake, kuɗin suka lalace a hannuna, abin da zai kai ni Jidda bai isa tunkiya ba. Bana ina da tumaki, 'ya'yana suka ce za su cika mini. Sai ga mutanen nan a ƙofar gida, da jarirai." Tumakin sun koma buhunan dawa. Su ne a cikin tukunyar da nake kallo.

Na ce, "Kaka, ba ki ji ciwo ba?"

"Na ji mana, ɗan nan. Mutum ce ni. Amma da wace fuska zan tsaya a ɗakin Allah, na bar yara suna kukan yunwa a bayan dangata? Mu ma haka aka ciyar da mu a hanya, mutanen da ba su san harshenmu ba. Niyya tana nan. Wanda ya kira Baba ya tsayar da shi a nan, Shi ya san dalili."

Wata matashiya daga cikin baƙin, tana shayar da ɗa a gefen murhu, ta sa baki a hankali. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, fiye da gidan da ta rasa, shi ne kalmar da aka jefe ta da ita ran da suka fito: ku koma inda kuka fito. "A Rusairis aka haife ni, Malam, can aka haifi uwata. Ina zan koma?"

Kaka ta juya wajenta. "Yi shiru, 'yar nan. Wanda ya faɗa miki haka zafin rai ne ya ɗebe shi. Su wa suka ɓoye ku a ɗakinsu kafin mota ta zo? Ba maƙwabtanku ba ne, waɗanda ba Hausawa ba?" Yarinyar ta ɗaga kai alamar haka ne. Sai tsohuwar ta dawo kaina: "In ka koma, ka gaida mutanen Haɗeja, ka ce muna nan. Amma kabarin ubana a nan yake, da na mijina, da na 'ya'yana uku. Babu kasuwa a bakin bahar ɗin nan da ba a ci daga hannunmu ba. Nan ma gida ne."

Washegari abokina ya so ya kai ni gandun dajin Dindir da ke gabashin kogin, wanda aka keɓe tun 1935. Na zaɓi in bi masunta in kuma zauna da mutanen bayan danga. A cikinsu akwai tela da ya rasa kekensa, da malamin allo da ya riga ya tara yaran a gindin aduwa yana biya musu karatu, da mata da suka fara soya gyaɗa suna ƙullawa don kada su zauna hannu rabbana. Ba wanda ya roƙe ni komai. Tambayoyi suka yi ta yi mini: ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, ko Argungu na nan da bikin kamun kifi, ko mutanen gida sun san da su.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, musamman ganin abin da ya biyo baya. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, ya kai Sinja a ƙarshen Yunin 2024, jama'ar yankin da yawa suka watse. Na yi watanni ban ji muryar abokina ba. Da muka samu juna, ya ce suna raye, wasu sun koma sun shuka jarf, Kaka kuma tana nan tana tambaya ko an ɗebo mata 'ya'yan yakuwa.

Maniyyacin yau yana tashi daga Kano ya sauka Jidda cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Tafiyar da ta cinye rayuwar mahaifin wannan baiwar Allah ke nan, wadda ita kuma take bin bashinta har yau. Daga Mai Wurno zuwa Abu Na'ama, daga Gadarif zuwa Kassala, akwai dubban gidaje irin nata. Tsofaffin da suka riƙe sunayen zango suna ƙarewa, kuma hakki ne a kan malaman tarihinmu da jami'o'inmu su je su naɗi bakinsu da zarar hanya ta buɗe. Masu hali da ƙungiyoyin agaji na ƙasar Hausa kuma su sani cewa a cikin masu gudun hijirar Sudan akwai jikokin mutanen Haɗeja da Sakkwato da Katsina da Damagaram, tare da maƙwabtan da suka rufa musu asiri. Sun tambaya ko mun san da su, kuma amsar tana hannunmu.