Kafin A Ba Ka Kare A Birtaniya, Sai An Shigo An Ga Gidanka

A Birtaniya, wanda ya je gidan ceto dabbobi neman kare ba ya ajiye kuɗi ya kama igiya ya tafi. Zai cike takarda, a zauna da shi a yi masa tambayoyi, sannan galibi a turo wani ya duba gidan da karen zai zauna. Tun lokacin annobar korona a 2020 wasu ƙungiyoyi kan yi dubawar ta bidiyo a waya, maigida ya zaga da su lungu-lungu. 'Yan'uwanmu mazauna Landan da Manchester da Birmingham, waɗanda 'ya'yansu suka taso can suka kuma matsa sai an kawo kare, su ne suka fi bukatar sanin yadda abin yake, domin akwai inda al'adarmu da tsarin mutanen suke karo.

Ƙungiyoyin nan sun daɗe a harkar. An kafa RSPCA a 1824. Gidan karnuka na Battersea wata mata mai suna Mary Tealby ce ta fara shi a 1860 a unguwar Holloway, kafin ya koma Battersea a 1871. Dogs Trust kuwa tun 1891 take. Sun sha ganin an ɗauki kare da ɗoki, bayan 'yan makonni a dawo da shi, kuma kowace dawowa tana ƙara wa dabbar firgita da rashin yarda da mutane. Gudun haka ne ya sa suke zuwa gida.

Mutanenmu da yawa, da an ce baƙo na zuwa duba gida, sai a kama shara da goge-goge, a kunna turaren wuta. Tsabta tana da kyau, amma mai dubawar, wanda sau da yawa ɗan sa kai ne, bai zo ganin kujeru ba. Bayan gida zai nufa. Zai bi shinge yana neman rami ko katakon da ya ɓalle, ya jijjiga ƙofar lambu ya ga ko sakatarta tana kamawa, ya lura ko akwai bola ko tebur jikin katanga da kare zai taka ya tsallake. Ga babban kare, ƙungiyoyi da dama suna son shingen ya kai ƙafa 6. Karen da aka ceto ya fi yunƙurin gudu a kwanakinsa na farko, lokacin da bai san gidan ba, bai san muryar kowa ba.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi a gidan Bahaushe: ina karen zai kwana?

A wurinmu amsar a fili take. Kare na farauta ne, ko gadi, ko bin shanu. Wurinsa tsakar gida ko bakin ƙofa, ya ci ragowar tuwo, ya yi haushi idan ya ji motsi da dare. A Birtaniya yawancin gidajen ceto ba sa ba da kare ga wanda zai bar shi a waje, balle a ɗaure da sarƙa, balle don gadi. Sanyin hunturun ƙasar kaɗai ya isa dalili, ga kuma dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 da ta ɗora wa mai dabba a Ingila da Wales alhakin ba ta muhalli da abincin da suka dace, da kare ta daga wahala da ciwo. A idonsu kare ɗan gida ne, yana shiga falo, yana da shimfiɗarsa a ciki.

Wannan magana ce da ya kamata a gama ta tsakanin maigida da uwargida tun kafin a cike takarda. Malaman Malikiyya suna ganin jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, amma ajiye shi a ɗaki ba don farauta ko tsaron dukiya ba wani batu ne daban, kuma malami ya kamata a tambaya. Idan uwargida ba za ta iya salla a inda kare ya taka ba, idan Hajiya kan zo daga gida ta yi watanni kuma ba ta ƙaunar ganinsa, a faɗa. Ana iya keɓe ɗakin salla da 'yar ƙofar ƙarfe irin wadda ake tare jarirai da ita, a nuna wa mai dubawa, kuma wannan shiri ne da za su gane. Abin da ba ya ɓullewa shi ne a nuna musu shimfiɗa a kicin, da sun juya baya a mayar da karen rumfar bayan gida. Yawanci akwai yarjejeniya da ake sa wa hannu, wasu ƙungiyoyin kuma sukan sake leƙowa, su karɓe dabbar idan an saɓa.

Za su so ganin kowa da ke kwana a gidan, har yara, don su tabbatar ba mutum ɗaya ne ya yanke hukunci ba. Za su tambayi awa nawa gidan ke zama babu kowa. Shawarar RSPCA ita ce kada a riƙa barin kare shi kaɗai fiye da awa 4, don haka masu aikin asibiti da na kula da tsofaffi, waɗanda kan yi awa 12 a waje, su tanadi amsa ta gaskiya kan wanda zai fita da shi. Mai haya kuma ya samo izinin mai gida a rubuce.

Kicin ɗinmu yana da nasa haɗarin. Albasa da tafarnuwa, waɗanda babu miyar da ba sa shiga, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanye ko dafaffe, har garinsu da ke cikin yajin tsire. Inabi da zabibi suna iya kashe masa ƙoda. Cakulan guba ne gare shi saboda sinadarin tiyobromin, kuma goro yana ɗauke da wannan sinadari tare da kafeyin, don haka farantin goron da ake bari a falo ya koma sama. Haka ƙashin kaza dafaffe, da cingam marar sukari mai ɗauke da zailitol, da maganin ɓera. Buhun albasar da ke ƙasa a bayan ƙofa, mai dubawa zai gan shi.

Gidajenmu kuma ba sa rabuwa da baƙi: suna, walima, gaisuwar Salla, yara suna guje-guje. Tun 2014 dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta shafi abin da ya faru a cikin gida, ma'ana idan karenka ya ciji baƙo a falonka kana iya fuskantar tuhuma. Ka faɗa wa masu dubawa yawan jama'ar da kuke tarawa, ka nuna ɗakin da karen zai fake ranar taro. Kai ma ka yi tambaya: ya taɓa cizo? Yana jure yara? Akwai maganin da yake sha kullum, nawa ne kuɗinsa? Idan zama ya ƙi, za ku karɓe shi?

Tun Afrilun 2016 dole ne kowane kare ya kasance da 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatarsa, ɗauke da bayanan mai shi, kuma tarar rashin ta tana kaiwa fam 500. Gidan ceto na gaskiya zai saka ta, ya ba da takardun rigakafi.

Idan aka hana ka, tambayi dalili. Sau da yawa wannan karen ne bai dace da gidan ba, ko shinge ne ke son gyara, a gyara su dawo. Haɗarin yana ga wanda ya fusata ya koma Facebook, inda wasu ke kiran kansu masu ceto, su nemi kuɗin kafin alƙalami ba tare da an ga karen ba, ko su ce a haɗu a wurin ajiye motoci. Tun Afrilun 2020 haramun ne a Ingila dillali ya sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai a same shi daga wanda aka haife shi a hannunsa ko daga gidan ceto.