Sojan Bama da bai dawo gida ba: abubuwan da ya kamata ka sani

A garuruwa irin su Boɗinga da Shagari, idan dattijo ya ce wane ya tafi Bama bai dawo ba, nan maganar take tsayawa. Ba wanda ya yi masa wanka, ba wanda ya san makwancinsa. Burma ake nufi, wadda yau ake kira Myanmar, kada a ɗauka Bamar Borno ce.

Me ya kai su?

Japan ta mamaye Burma a 1942, sai Ingila ta haɗa runduna biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. A Arewa ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar samari, lokacin Sarkin Musulmi Abubakar III na kan gado. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Rima ba ya kwashe makonni a kan teku.

Ina suka faɗi?

A kwarin Kaladan da dazukan Arakan, har zuwa Myohaung da aka kama a Janairun 1945. Bataliya uku ta Nijeriya kuma ta yi yaƙi cikin dakarun Chindit a 1944, shi ya sa barikin Zariya ke ɗauke da wannan suna. Da yawa aikinsu dakon harsashi ne a ka, a inda mota ba ta shiga, jirgin sama na jefo musu abinci. Zazzaɓi da atini ma sun ci rayuka.

Akwai kabari?

Wasu suna da shi, a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon ko a Chittagong ta Bangladesh. Waɗanda ba a ga gawarsu ba an sassaƙa sunayensu a ginshiƙan Taukkyan, cikin kusan mutum 27,000. Hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth ke kula da wurin, ita ce kuma ta amsa a 2021 cewa ba ta yi wa 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya adalci ba. An daɗe kafin a faɗa.

Yaya za ka nemo naka?

Nan gizo ke saƙa. Magatakardan soja kan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari, kamar yadda Shehu Shagari ya ɗauki sunan garinsu. Ga shi Bature ne ya rubuta da kunnensa, don haka ka gwada Mamman, Momo da Mohammed a rajistar hukumar da ke intanet. Lambar soja ta fi suna amfani. Buɗe tsohuwar adakar kaka: idan ka ga tauraron tagulla mai tsini shida, da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan goro a gefe, lambar yaƙin Burma ce. Duba takardun da ke ƙarƙashinta kafin gara ta riga ka.