Me Ake Kewa a Zamanin Makaɗan Fada?

Masu kewar zamanin Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Maccido na Talata Mafara, taron suke kewa fiye da waƙar. Tun kafin a ɗaga kotso ƙofar fada ta cika: mai tsire na fifita wuta, mutanen ƙauyukan Maradun sun jingine kekuna, ana musun wa ya fi iya zambo. Wani zai ce ai waƙoƙin na nan cikin waya. Haka ne, amma murya kaɗai waya ta adana. Zumunci sai da haɗuwa, ga shi rashin tsaro ya rage fitar dare a Zamfara.