Binciken Sankarar Huhu: Yadda Ake Auna Tasirinsa da Matsayin Damargu

Sankarar huhu ce kansar da ta fi kowace kisa a duniya. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da ita, miliyan 1.8 kuma suka rasu. Duk abin da likita ke yi wa mai wannan cuta a yau, tun daga ɗaukar hoto har zuwa fiɗar ƙirji, ya samo tushe ne daga maƙalun da masu bincike suka buga a mujallun kimiyya. Shi ya sa jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike ke sa ido kan abu biyu: yawan maƙalun da aka buga, da yawan ambaton da kowace maƙala ta samu.

Ambato shi ne mai bincike ya kawo sunan aikin wani a cikin nasa domin ya nuna inda ya samo hujja, kamar yadda malamin hadisi ke kawo isnadi kafin matani. Ba'amurke Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa ƙidaya shi a 1955, kuma kundinsa na ambaton kimiyya ya fara fitowa a kai a kai daga 1964. Daga nan aka samu ma'aunin tasirin mujalla: ana tara ambaton da maƙalunta na shekaru biyun baya suka samu a bana, a raba da adadin maƙalun. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin h domin mutum ɗaya. Likitan da ma'auninsa ya kai 20 yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Rumbunan Web of Science da Scopus da Google Scholar ne ke yin wannan ƙidaya a yanzu.

Tarihin fiɗar huhu ya nuna yadda maƙala guda kan sauya aikin asibitocin duniya. A 1933 Evarts Graham ya cire huhu guda ɗungurungum a jikin wani mai sankara a birnin Sen Luwis na Amurka, majinyacin ya warke, ya kuma rayu shekaru masu yawa. A 1950 Graham da Ernst Wynder a Amurka, da Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, suka buga binciken da ya danganta shan taba da wannan cuta. Graham kansa tsohon mashayin taba ne, kuma sankarar huhu ce ta yi ajalinsa a 1957, ya bar majinyacin nasa da rai.

Huhun dama yana da sassa uku, na hagu biyu, kuma tambayar da ta daɗe tana damun likitocin fiɗa ita ce nawa ya kamata a cire. Binciken da Ginsberg da Rubinstein suka buga a 1995 ya nuna cewa idan aka yanke ɗan yanki kawai, yiwuwar cutar ta dawo a wurin takan ninka sau uku, don haka cire sashe guda cikakke ya zama doka na kusan shekara 30. A 2022 likitocin Japan suka buga gwajin da suka yi kan mutum fiye da 1,100 masu ƙullutun da bai wuce santimita 2 ba. Kashi 94 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa yanki suna raye bayan shekara biyar, na waɗanda aka cire wa sashe guda kuwa kashi 91. Wani gwaji da aka jagoranta daga Amurka ya fito a 2023, shi ma ya nuna ƙaramar fiɗar ba ta gaza babbar ba. A gefen gano cuta da wuri, binciken 2011 kan mashaya taba fiye da 53,000 a Amurka ya nuna cewa duba su da na'urar sikana mai ƙarancin haske ya rage mace-mace daga cutar da kashi 20 cikin ɗari.

Ƙidayar ambato tana da nata gurgunci. Maƙalar da aka ambata domin a ƙaryata ta, da wadda marubucinta ke ta ambaton kansa, duk maki suke samu. Gwajin sabon magani, wanda kamfanoni ke zuba wa kuɗi, yakan fi binciken fiɗa samun ambato. Rumbunan ƙidayar sun fi karkata ga mujallun Turancin Ingilishi, alhali likitocin Nijar da yawa da Faransanci suke rubutu. Wasu manyan mujallu kuma na karɓar fiye da miliyan guda na kuɗin sefa kafin su buga maƙala ɗaya a buɗe, ko da yake akwai masu yafe wa ƙasashe matalauta. Irin wannan gurgunci ne ya sa masana suka tsara sanarwar San Faransisko a 2012, wadda ta nemi a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga aikinsa. Amurka da Sin da Japan ne ke kan gaba a yawan maƙalun sankarar huhu, kason Afirka ta Yamma kuwa ƙalilan ne.

Dalilin wannan ƙaranci ya fi bayyana idan aka bi sawun majinyaci daga wuri irin Gangara, ƙaramar hukumar da ke gundumar Tanut a ƙasar Damargu ta Nijar. Manomi ko makiyayin da tari ya dame shi yakan fara da asibitin garinsu. Daga nan a tura shi asibitin gunduma a Tanut, ko Belbeji ga mutanen wancan ɓangare, sannan babban asibitin ƙasa na Damagaram, tafiyar kusan kilomita 150 daga Tanut. Idan gashi, wato ƙona ƙullutun da haske, ake buƙata sai Yamai, nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram, inda cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa ta buɗe sashen gashi a 2021. A kowane zango akwai wanda kuɗin mota ko na jinya ko aikin damina zai mayar da shi gida.

Ga kuma kamanceceniya da tarin fuka. Tari mai daɗewa, jini a majina, rama da ciwon ƙirji alamun cututtukan biyu ne, kuma tarin fuka ya fi yawa a yankin nesa ba kusa ba. Mai sankara kan iya shafe watanni yana shan maganin tarin fuka. Tabbatar da sankara sai an tsakuro tsokar huhu an duba ta a ɗakin gwaji. Wanda bai kai wannan mataki ba, sunansa ba zai shiga rajistar kansa ta Nijar ba, wadda aka kafa a Yamai a 1992, inda kansar nono da ta mahaifa da ta hanta suka fi fitowa. Abin da bai shiga rajista ba kuwa ba ya zama maƙala, balle a ambace shi. Ƙarancin alƙaluman sankarar huhu a Nijar yana da nasaba da ƙarancin shan taba da yawan matasa, amma da hannun rashin gwaji a ciki.

Tambayoyin da yankin ke buƙatar amsarsu daban suke da na Tokiyo ko Landan. Akwai hayaƙin itace da kara da mata ke shaƙa a madafa tun ƙuruciya. Akwai ƙurar hunturu. Akwai iskar radon, wadda ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa cutar, kuma ta shafi waɗanda suka yi aiki a ramukan yuraniyam na Arlit. Akwai shisha da ta shiga matasan birane duk da dokar taƙaita shan taba ta 2006. Akwai kuma fiɗar ƙirjin da likitocin yankin suka fi yi, wato ta mugunya a ƙirji, da huhun da tarin fuka ya lalata, da raunin haɗarin mota.

Hanyoyin cike giɓin suna nan. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana horar da likitoci, kuma kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike kafin ya kammala. Kundin da aka mayar maƙala zai iya fitowa a mujallu irin Pan African Medical Journal, ko Annals of African Medicine da aka kafa a Sakkwato. Shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun daga 2002, yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe matalauta manyan mujallu kyauta ko da rahusa. Tushen duk wannan shi ne rajistar ƙaramin asibiti da aka cike da kyau: shekarun majinyaci, sana'arsa, ko yana shan taba, da sakamakon gwajin majina. Majinyaci ma yana da nasa rabo. Tarin da ya wuce mako biyu yana buƙatar gwaji, wanda kuma ya sha maganin tarin fuka bai ga sauƙi ba, ya koma asibiti da takardunsa ya nemi hoton ƙirji.