Maigida Ya Mutu, Maigida Ya Tashi: Wasan Yaranmu a Anloga

Daren Asabar ɗin da yaranmu suka yi wasansu, ana idar da sallar isha'i filin makaranta ya cika maƙil. Bencinan aji ba su isa ba, sai da mata suka koma gida suka ɗauko kujerun tsugunne. Dandamalin kuwa katako ne da maƙwabtanmu kafintoci 'yan Ewe suka ba mu aro, da sharaɗin kada a buga masa ƙusa ko ɗaya. Duk wanda ya san Anloga ya san katako ba ya wuya a nan, ko da yake tun ƙarshen shekarun 2000 aka kwashe yawancin masu sana'ar zuwa Sokoban.

Ga yadda labarin yake. Wani maigida ne, tsohon direban trotro, mai mata biyu da 'ya'ya bakwai da gida mai ɗakunan haya. Kullum gidan ba zaman lafiya. Uwargida da amarya ba sa ga maciji, babban ɗa ba shi da zance sai na tafiya Libiya, ƙanin maigida kuma ba ya zuwa sai tuwo ya sauka. Da abin ya ishe shi, sai ya haɗa baki da amininsa, ya kwanta, aka lulluɓe shi da farin zane, aka ce Allah ya yi masa cikawa.

To, a nan ne fa mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Ba a gama salati ba uwargida ta soke makullin akwati a zanenta. Amarya tana kuka da ido ɗaya, ɗayan yana kan talabijin. Ƙanin mamaci, wanda kullum yake cika baki da cewa kakansa daga Katsina ya zo fataucin goro, nan take ya tuna cewa a ƙasar Asante muke zaune, inda gado yake bin dangin uwa, saboda haka gida nasa ne, shi da 'ya'yan 'yar'uwarsu. Ya ce kowa ya tattara nasa ya nasa kafin sadakar arba'in. Gawa ta yi haƙuri, ta yi haƙuri, amma da aka zo kan sayar da motar, sai ta yi atishawa.

Mun lura da wani abu. A wurin da ƙanin ya ce a fita daga gida, dariyar ɓangaren mata ta ragu ƙwarai. Akwai waɗanda aka taɓa gaya wa wannan magana, ba a wasa ba.

Shi ya sa yaran suka sa wani malami ya shigo a ƙarshe, kuma mun tabbatar abin da ya faɗa daidai ne. A Musulunci, idan mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan'uwansa ba shi da ko sisi. Matan, ko su nawa ne, suna raba kashi ɗaya cikin takwas. A dokar Gana kuma, wato dokar gado mai lamba 111 da gwamnatin PNDC ta kafa a 1985, wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, in gida ɗaya gare shi, to gidan da kayan cikinsa na matansa da 'ya'yansa ne. A 1991 aka ƙara mata gyara, ya zama laifi ne a kori mata ko ɗa daga gidan kafin a raba gado. Rabon addini da na hukuma sun bambanta a wurare, wannan aikin malamai da lauyoyi ne. Amma a kan ƙanin nan bakinsu ɗaya: ba shi da ikon korar kowa.

Ba mu kai ga wannan dare cikin sauƙi ba. Wasu dattawa sun ce mana wannan konsat ne, konsat kuma aikin 'yan giya ne. Mun girmama maganarsu, amma mun tuna musu cewa shi kansa konsat ɗin a makaranta aka haife shi. Wani malamin makaranta ne a Sekondi, Master Yalley, ya fara shi wajen 1918, Bob Johnson ya ɗauka ya yawata da shi gari gari, sannan E. K. Nyame ya kafa Akan Trio a 1952 ya mai da wasan cikin harshen mutanensa. Da yawa cikinmu mun taso muna leƙen Key Soap Concert Party ta tagar maƙwabta a shekarun 1990, muna dariyar Bob Okala da Nkomode, alhali ba harshenmu suke yi ba. Mu ma kuma ba baƙi ba ne a wannan fage. Tashe da yara suke yi da azumi wasan kwaikwayo ne. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu kan attajirin da aure ya rusa masa gida, a Damagaram kuwa Yazi Dogo, shi ma malamin makaranta, ya shekara da shekaru yana sa mutanen Nijar dariya da Hausa.

Batun 'yan mata ya fi wuya. Iyaye biyu kaɗai suka yarda, saboda haka wani yaro ɗan aji uku na karamar sakandare ne ya ɗaura zane ya zama amarya. Masu konsat na farko ma haka suka yi, maza ne suke fitowa a mata. A ganinmu dai an yi asara, domin yarinyar da ta fito a uwargida ta fi kowa iyawa, kuma mun san akwai irinta da yawa a cikin gidaje.

Sai harshe. Mako uku muka ɓata muna gyara wa yaran baki, muna cewa mace "ta zo" ake ce mata, ba "ya zo" ba. Suna hawa dandamali sai su koma Hausarmu ta Zango, ga Tuwi yana faɗowa tsakani. Daga baya muka gane kuskuren namu ne. Mutum ba ya dariya sosai sai da irin maganar da ake yi a tsakar gidansu. Muka bar kowa da bakinsa, malamin nan kaɗai muka bar wa Hausar Kano, abin kuwa ya yi masa kyau, har ya ƙara masa kwarjini.

Washegari da safe wata gwaggo ta tare mu a bakin masallaci. Ta ce, "Malam, wannan lambar doka da yaron ya faɗa jiya, a rubuta mini ita a takarda." Muka rubuta mata. Ba mu tambaye ta dalili ba.

Matasan Aboabo sun aiko suna so a kai musu wasan bayan sallah. Yaran a shirye suke, sai dai kafintoci sun karɓi katakonsu. Duk mai hali da zai taimaka da katako ko kuɗin hayar lasifika, ya nemi malaman makarantar.