Bakwaini ya rayu, saura idonsa

Duk asibitin da ya sayi kwalbar renon bakwaini da tukunyar iskar oksijin, to ya ɗora wa kansa wani nauyi ko da bai sani ba, wato duba idon jariran da ya ceto. Dalilin yana cikin halittar ido. Jijiyoyin jini na tantanin da ke bayan ido, wanda shi ke karɓar haske, suna fara tsirowa wajen mako na 16 na ciki, kuma ba sa gama yaɗuwa sai dab da mako na 40. Jaririn da aka haifa a wata bakwai ya fito ne aikin bai kammala ba. Idan aka ba shi oksijin fiye da kima, jijiyoyin sai su tsaya cak, daga baya kuma su tsiro barkatai, su zubar da jini, su yi tabo, tabon ya janye tantanin daga mazauninsa. In aka kai nan, da wuya gani ya dawo.

Turawa sun riga mu ɗanɗana wannan. Wani likitan ido a birnin Boston, Theodore Terry, ya fara bayyana cutar a 1942, sannan dubban jarirai suka makance a Amurka da Turai kafin a gano musabbabinta. Mawaƙin nan Stevie Wonder, da aka haifa bakwaini a 1950, yana cikinsu. A 1951 Kate Campbell, wata likita a Ostareliya, ta danganta cutar da yawan oksijin. Sai asibitoci suka yi gaggawar rage iskar, makanta ta ragu, amma mutuwa da lahanin ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Don haka kada uwa ta ji tsoron oksijin, rai yake ceta. Abin nema shi ne a riƙa auna shi da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a ƙafar jariri, sannan a duba idon.

A Amurka ana duba jaririn da bai wuce giram 1,500 ba ko wanda aka haifa a mako 30 zuwa ƙasa. Indiya ta faɗaɗa nata har zuwa giram 2,000 da mako 34, domin inda awon oksijin bai inganta ba cutar na kama jarirai masu ɗan girma. Mu ma da Indiya ya kamata mu yi koyi, tunda Nijeriya na sahun gaba a yawan haihuwar bakwaini a duniya. Ciwo mai shiga jini da yawan ƙarin jini su ma suna ƙara haɗarin. Duban farko kuwa ana so ya kasance kafin jariri ya cika kwana talatin, kuma a nan gizo ke saƙa. Kwana talatin tsakiyar jego ne. An sallami mai jego, an yi suna, wataƙila ta tafi wanka gidan iyayenta a wani gari, ba mai zancen fita sai an yi arba'in. Cutar kuwa ba ta jiran arba'in; in ta tsananta, kwana biyu zuwa uku ake da su a yi aiki da hasken leza ko a yi allura a idon.

Kaka za ta ce ai idon yaro garau yake, ga shi yana ƙiftawa. Gaskiya ne, amma ɓarnar can ciki take, ba ja ba ƙwantsa, kuma ranar da fari ya bayyana a tsakiyar ƙwayar ido yawanci an makara. Wani zai ce duban na wahalar da jariri. Yana kuka kam, domin ana ɗiga magani a buɗe ƙwayar idon a haska fitila, sai dai 'yan mintoci ne. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙarancin likitocin ido, waɗanda galibinsu ke manyan birane irin su Kaduna, inda Cibiyar Ido ta Ƙasa take. Wannan ma an sami hanyarsa. Tun 2008 a jihar Karnataka ta Indiya ake horar da ma'aikatan da ba likitoci ba, su zagaya asibitoci da kyamara su ɗauki hoton bayan idon jarirai, likita ya duba ta intanet daga nesa. Kyamarar na da tsada, ba musu, amma rubuta ranar duban ido a katin sallama, a kuma faɗa wa uba da kaka baki da baki, ba ya cin ko sisi. Su ne ke yanke shawarar ko mai jego za ta fita.