John McCain: Mai Sassauci Ne, Ko Mai Taurin Kai?

Cikin tsakar daren 28 ga Yulin 2017, Sanata John McCain na jihar Arizona ya shiga zauren Majalisar Dattawan Amurka, ya miƙa hannu, ya kifar da babban yatsansa ƙasa. Da wannan ƙuri'a ƙudirin jam'iyyarsa ta Republican na rushe wani sashe na shirin inshorar lafiya na Obama ya faɗi, 51 suka ƙi, 49 suka yarda. Nan da nan jaridu suka ƙara ɗaura masa rawanin mai sassaucin ra'ayi. To, rawanin nasa ne kuwa?

Masu cewa nasa ne ba su rasa hujja ba. Ya sha azaba a kurkukun Biyetnam ta Arewa daga 1967 zuwa 1973, shi ya sa a 2005 ya tsaya kai da fata sai da aka haramta gallaza wa fursunonin da ke hannun Amurka, duk da gwamnatin Bush ba ta so. Shi da Russ Feingold na Democrat suka samar da dokar taƙaita kuɗin kamfe ta 2002. A 2008 kuma, da wata mata ta ce a taron kamfensa na takarar shugaban ƙasa cewa abokin takararsa Obama Balarabe ne, sai ya karɓe makirufo ya ce a'a, mutumin kirki ne. An yaba masa ƙwarai, ko da yake mai kunne zai tambaya: shin Balarabe ba ya zama mutumin kirki ne?

Sai dai dattako daban, sassauci daban. Wanda ke son sanin inda ɗan majalisa ya dosa, ya bar jawabinsa ya buɗe kundin ƙuri'unsa. McCain bai goyi bayan shirin lafiyar Obama ba tun da aka kawo shi a 2009. Abin da ya fusata shi a 2017 shi ne yadda aka yi wa ƙudirin rusau ɗin gaggawa, ba zaman kwamiti, ba jin ta bakin 'yan adawa. A Disambar shekarar ya amince da dokar harajin Trump, wadda a cikinta aka soke tarar da ake ci wa wanda ya ƙi sayen inshora, ginshiƙi guda na shirin da aka ce ya ceta.

Maganar baƙin haure ta fi tona asiri. Ya yi aiki da Sanata Ted Kennedy na Democrat don nema musu hanyar zama 'yan ƙasa. Amma a 2010, da J.D. Hayworth ya taso masa a zaɓen fid da gwani, sai ga McCain a tallan talabijin yana tafe a bakin iyakar Meziko, yana neman a ƙarasa gina shinge. Kafin shekarar ta ƙare ya ƙi ƙudirin da zai halatta zaman waɗanda aka shigo da su tun suna yara. Sassaucin da ke ɓuya idan kujera ta fara rawa, a ganina, ba a dogara da shi.

Ra'ayin riƙau dai shi ne ya kasance gidansa, sai dai ya yi taurin kan da ya riƙa sa shi bijire wa shugabanninsa jefi-jefi. Jam'iyyar ce ta yi nisa a riƙau ta bar shi, kuma wanda ya tsaya kusa da dogo dole a gan shi gajere.

A harkar ƙetare kuwa ko alamar sassaucin babu. Ya goyi bayan mamaye Iraƙi a 2003, ya matsa aka ƙara sojoji a 2007. A Afrilun 2011 ya je Bengazi yana neman a ƙara wa 'yan tawayen Libiya ƙarfi. Mutanen Nijar da Mali sun san inda makaman Gaddafi suka kwarara daga baya. Da aka sace 'yan matan Chibok a 2014, cewa ya yi da shi ne shugaba zai tura sojojin Amurka su ƙwato su, ba tare da jiran izinin Goodluck Jonathan ba.